Sirdin da Dokta Ya Saya Mini

Na san idan kun gama karanta wannan, wasunku za su ce na yi wa mahaifiyata taurin kai a bakin titi, a gaban mutum goma sha ɗaya da shanun wani bawan Allah. Ba zan musa ba, na yi. Amma ku bari in faɗa muku yadda aka yi kafin ku cika mini waya da nasiha.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da lissafi a firamare, kuma shekara uku ke nan ina hawan keke. Ba keken zuwa cefane ba, irin siririn nan mai lanƙwasasshen hannu da ake cin kilomita ɗari a kansa a wuni guda. A ɗakina yake kwana, jingine tsakanin sif ɗin kaya da taga, kuma Mama ba ta taɓa shigowa ta gan shi ba tare da ta ja tsaki ba.

Sai kuma Dokta. Ba likita ba ne, kemis gare shi a bakin babban titi, amma tun ranar da ya auna wa Mama hawan jini ta laƙaba masa Dokta, sunan kuwa ya bi shi. Kada wani ya ce tilasta mini aka yi, ni na kawo shi gida da kaina. Mutum ne mai tsafta, farar rigarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke ta daga guga, yana magana a hankali kamar mai karanta takardar magani. Ina sonsa, ba na jin kunyar faɗa. Abu ɗaya ne ya tsaya a tsakaninmu: yana so in jingine keke idan mun yi aure.

"Malama, ba hana ki nake yi ba," ya ce ranar da maganar ta kai falon Baba. "Tsoro nake ji. Titi ba shi da tabbas."

"Hana ta za ka yi!" Mama ta karɓe daga bakin ƙofa. "Wace matar aure ka taɓa gani da hular kwano tana tsere da tarakta?"

Na ce, "Mama, ba tsere muke yi ba."

"Rufe mini baki, Auta."

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ba ya son magana ta kwana ba a buga mata hatimi ba. Ya rage muryar rediyo, ya dube ni ta saman tabarau. Ya san ƙungiyarmu tana shirin tafiyar da take yi kowane dogon hutu, a tsakiyar damina: kwana huɗu, kilomita ɗari uku da sittin, ta cikin tuddai da gonaki. Ban taɓa zuwa ba, bana ne karon farko.

"Wannan tafiyar taku, akwai mota a ciki?"

"Akwai motar kaya, Baba. Wanda ya gaza yana shiga, sai a ja layi a kan sunansa a katin tafiya."

"To shi ke nan. Ki je. Idan kin gama da ƙafarki, ba ki shiga motar kowa ba, keke naki ne har gidan miji, kada in sake jin bakin kowa. Idan kin shiga mota, ke ma kin yarda ya fi ƙarfinki, sai ki haƙura. Dokta, ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

"Ke fa?"

Na ce na yarda tun bai rufe baki ba. Mama ta koma kicin tana buga murfin tukunya.

Ana gobe tafiya ake loda kekuna a motar kaya, ni kuma a ranar na raka Yaya asibiti awon ciki, layi ya riƙe mu har la'asar. Dokta ya turo saƙo: "Kada ki damu, Malama, ni zan kai miki shi." Wallahi na ji daɗi. Na ce ashe mutumin nan ya sauko. Har hoton zuciya uku na tura masa, ni da ba na tura ko ɗaya.

Washegari da sassafe bas ta sauke mu a inda kwalta ta rabu da gari. Na sha ado irin namu: dogon wando baƙi, riga mai dogon hannu ruwan lemo har gwiwa, siririn ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, safar hannu mai yankakkun yatsu. Ana sauke kekuna ɗaya bayan ɗaya, sai na ji Kyaftin, shugabanmu kuma bakanikenmu, ya ɗaga murya.

"Jama'a, kujerar falon wa aka ɗaura wa keke?"

Aka fashe da dariya, har da ni. Sai da na matso na ga kekena ne.

Sirdina babu. A gurbinsa an ɗaura wani faffaɗa, ruwan ƙasa, mai laushi kamar matashin kai, har da sifirin biyu a ƙasa suna ƙyalli. An rataya masa 'yar takarda da jan zare: "Don kada ki wahala."

Ku da ba ku hawa keke, na san kun ce kai, wannan saurayi akwai kulawa. Bari in yi muku bayani. A doguwar tafiya cinya tana hawa tana sauka sau dubbai a wuni. Siririn sirdi mai tauri ba ya shiga hanyarta, ƙashinka ne ke zaune a kai. Faffaɗa mai laushi kuwa nutsewa kake yi a ciki, gefensa ya yi ta gugar fata, ga gumi, ga zafi. Nawa tsohon baƙi ne, ya koɗe, ya tsage a gefe na naɗe da salatif, amma shekara uku ya ɗauka yana koyon jikina. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na koma gefe na kira Dokta.

"Ina sirdina?"

"Kin gani ko? Kin ji laushinsa?"

"Dokta, ina sirdina?"

"Wannan guntun katakon? Na bar wa mai shagon da na sayi sabon a wurinsa, Malama. Ai ko kallonsa ban iya yi."

Na kashe wayar don kada bakina ya yi abin da zan yi nadama. Kyaftin ya zazzage akwatin kayan gyara: tayoyi, sarƙa, wayar birki, faci fal, amma babu sirdi, don ba wanda ke zuwa da na biyu. Ya gyara mini tsayin na Dokta yana girgiza kai. "Ba a fara doguwar tafiya da sabon sirdi, Malama. Ko da sabon takalmi ba a yi."

"Na sani, Kyaftin."

"Za ki iya?"

"Ka busa usur ɗinka kawai."

Ranar farko ta yaudare ni. Hanya tana hawa tana gangara a hankali, masara ta fi mutum tsayi dama da hagu, iska na kawo ƙamshin ciyawar da aka yanka da warin taki. Muka wuce rumbuna, muka wuce wani manomi a kan tarakta da ya rage gudu yana ƙirga mu da yatsa. Muna tafe a jere, kowa ya yi gaba ya tare wa sauran iska na ɗan lokaci sai ya koma baya. Na ci ayaba huɗu da dafaffen ƙwai biyu, na yi kilomita casa'in, na ce ashe abin ba wani abu ba ne. Da yamma, a makarantar ƙauyen da aka ba mu aji biyu mu kwana, na ji ɗan zafi-zafi ina wanka, na yi kunnen uwar shegu da shi.

Rana ta biyu ce ta nuna mini iyakata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kafin azahar cinyoyina biyu sun saluɓe. Kowane juyin feda kamar an shafa mini barkono. Na karkata dama, na karkata hagu, na miƙe, na zauna, duk ɗaya. Jerin ya tafi ya bar ni, saura ni da Tsintsiya.

Tsintsiya nas ce mai ritaya, shekararta sittin da ɗaya, aikinta ta zauna a can baya ta sharo duk wanda ya sare, shi ya sa sunan. Ita ce kuma mai jan layi a kati. Ba ta san lallashi ba.

"'Yata, kuka kike yi ko gumi ne?"

"Gumi ne, Anti."

"Madalla. Gumin ido ma gumi ne. Taka feda."

Da muka isa masauki ta ja ni bayan allo, ta duba, ta ja tsaki irin na ma'aikatan asibiti, ta wanke, ta shafa mini mai, ta manna bandeji. Ta ce gaskiya ɗaya ce, idan na sake zama a kan wannan abin wuni guda, ciwon zai yi ruwa.

A nan na tafka wautata. Na zauna a kan benci a gindin wata bishiya, na danna wa Yaya saƙon murya na minti uku, ina shessheƙa ina faɗa mata komai, har da cewa ban san ko zan iya gobe ba. Ban daɗe ba amsa ta shigo.

"Wayyo Auta, sannu."

Sai wata ta biyo.

"Wallahi ban san Mama tana bayana ba. A sifika na saka."

Na kifa wayar a cinya, na manta da ciwon, na yi tsalle don azaba. Ni da kaina na tsaga bangon, ƙadangare kuwa ya samu wurin shiga.

Rana ta uku ita ce ranar Kakan Tudu. Haka 'yan ƙungiya ke kiran hawan da ya fi kowanne: kilomita biyar, lanƙwasa bakwai, babu inuwa sai ta turakun waya. Tun safe nake tafe rabi a zaune rabi a tsaye, ina cije leɓe. Wajen ƙarfe goma muka iso gindinsa, inda ake tsayawa a cika gora a wani famfo kusa da shingen shanu. A nan na hango farar mota a gefen titi, an wanke ta tas, injin na aiki.

Ƙofar baya ta buɗe, Mama ta fito da mayafinta na zuwa unguwa, shuɗi mai duwatsu, da jakar hannu a hammata. Dokta ya fito ta ɗaya ɓangaren da farar rigarsa da leda cike da magunguna. Tafiyar awa uku suka yi.

"Auta," Mama ta ce, muryarta na rawa, "dubi yadda kika koma. Dubi fuskarki. Shiga mota."

Na gaishe ta har ƙasa, duk da durƙuson sai da ya sa na ga taurari. "Mama, ina kwana. Ba zan shiga ba."

"Na ji muryarki da kunnena kina kuka!"

"Na yi kuka jiya. Yau ban yi ba."

Dokta ya matso ya rage murya. "Malama, kin yi ƙoƙari, kowa ya gani. Sama da kilomita ɗari biyu ba wasa ba ne. Ga man shafawa, ga maganin kashe zafi, ga ruwan sanyi. Ki shiga ki huta ko na minti goma ne."

Sanyin motar yana fitowa ta buɗaɗɗiyar ƙofa yana dukan ƙafata. Ba zan yi muku ƙarya ba, jikina gaba ɗaya ya ce in shiga. Na ga kujerar, na ga gorar ruwa da raɓa a jikinta. Na kuma ga Tsintsiya a gefe ta zaro biro daga aljihu tana jujjuya shi.

"Minti goma a mota mota ce, Dokta. Kana wurin Baba ya faɗa."

"Wa zai faɗa masa?" Mama ta ce.

"Ni."

"To ki hau in gani! Ki zauna a kan abin nan in gani, tunda ke ba a isa da ke ba!"

Gaskiyarta, ba zan iya zama ba. Na dubi sirdin, sifirin ɗinsa na ta ƙyalli a rana.

"Kyaftin, ara mini sifana."

Ya miƙo ba tare da tambaya ba. Na kwance noti biyu, na ciro sirdin. 'Yan ƙungiya da ke cika gora duk suka tsaya. Na taka har gaban Dokta na ɗora masa a kan ledar magungunan.

"Ga kyautarka. Na gode, ta yi mini yawa."

"Malama, a kan me za ki zauna?"

"Wa ya ce zama zan yi?"

Mama ta dafe ƙirji. "Na shiga uku, yarinyar nan ta haukace. Dokta, ka yi mata magana mana!"

Dokta ya tsaya rungume da sirdi da leda, fuskarsa ta yi wani iri, a lokacin na ɗauka kunya ce. Kyaftin ya zo ya zare sandar sirdin gaba ɗaya don kada ta soke ni, ya jefa a motar kaya. Ya ce a bayan tudun akwai gari mai kasuwa, ba za a rasa tsohon sirdi wurin mai faci ba, amma tsakanina da garin sai na haye. Sannan ya juya wurin Dokta cikin ladabi ya ce dokar ƙungiya ba ta yarda motar waje ta bi mu a hawa ba.

Na sake durƙusawa. "Mama, ki yafe mini. Ki sa mini albarka ko ba ki so."

Ta juya mini baya. Na ji zafin wannan fiye da na cinyata, amma na ɗaura hular kwano.

Hawa tudu a tsaye ba a yin sa da fushi, fushi lanƙwasa ɗaya yake kai mutum. A ta biyu cinyoyina suka fara rawa, a ta uku tafin hannuna ya mutu a kan hannun keke. Kwalta tana tururi, gumi na shiga ido, ƙudaje sun samu abokiyar tafiya. Tsintsiya tana gefena, numfashinta daidai kamar tana zaune a falo.

"Kada ki kalli sama. Kalli turken waya na gaba. Kin kai? To na gabansa."

"Anti, zan mutu."

"Na ga masu mutuwa da yawa, ba sa surutu haka. Sauke giya ɗaya."

A lanƙwasa ta huɗu na sa ƙafa a ƙasa, na kifa kai a hannun keke, na yi amai a gefen gonar wani. Ta ba ni ruwa, ta ƙirga sittin da ƙarfi, ta ce lokaci ya yi. A ta shida na sake tsayawa, wata saniya ta leƙo ta saman shinge tana tuƙa tana kallona, kallon da na rantse irin na Mama ne. Na yi dariya ina haki, dariyar ce ma ta tashe ni. Daga nan ban san yadda aka yi ba, turke, turke, turke, sai na ji ihu da usur, hannaye sun riƙe kekena, wani yana zuba mini ruwa a wuya.

Na kwanta rigingine a ciyawa. Daga can sama ana ganin komai: gonaki kore da ruwan ɗorawa kamar an shimfiɗa zannuwa, hanyar da muka biyo siririya, da ɗigon farar mota har yanzu a gindin tudu ba ta motsa ba. Daɗi ya cika ni har na yafe wa kowa. Na ce a raina Dokta bawan Allah, garin neman gira ya kusa rasa ido, so ne ya ja shi da rashin sani. Na ciro waya daga aljihun baya don in rubuta masa cewa na haye, ya kwantar wa Mama da hankali.

Ya riga ni. Saƙo uku ne a jere.

"Malama, akwai abin da ban faɗa miki ba."

"Mai shagon ya gargaɗe ni. Ya ce duk mai doguwar tafiya da aka sa wa irin wannan, ba zai wuce kwana biyu a kai ba. Na ce ya ɗaura."

"Mama ba ta sani ba. Na ɗauka ciwon kwana biyu ya fi in yi ta fargaba har ƙarshen rayuwata. Da na ga kin miƙe a kan fedar nan na kasa riƙewa. Ki ce wani abu."

Na karanta sau uku. Na tashi zaune, bandejin ya ja fata, ban ko ji ba. Mutumin da ke ba mutane maganin ciwo, ya zauna ya auna nawa ciwon, kwana biyu, kamar yana ƙirga ƙwayoyi a leda, ya ɗaura masa jan zare. Ni kuma na tura masa zuciya uku. Ban yi kuka ba, ku rubuta ku ajiye. Zuciyata ce kawai ta yi sanyi ƙalau a tsakiyar wannan zafin.

Tsintsiya ta tsaya a kaina. "Lafiya, 'yata? Kin yi fari."

"Lafiya lau, Anti. Saura kilomita nawa?"

"Ɗari da talatin, da na gobe."

Na goge yatsa a riga na rubuta masa: "Ka kai Mama gida lafiya. Ranar Lahadi da la'asar ka zo falon Baba ka maimaita wannan da bakinka. Idan ba ka zo ba, ni zan karanta masa."

Alamar ta nuna ya gani. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai wayar ta hau ruri a hannuna, sunansa a kan gilashi, daidai lokacin da Kyaftin ya busa usur. Na cusa ta a aljihu tana ta kuka, na kama birki biyu, na miƙe a kan feda na bi su gangara.